Shekara 16 a Bakin Ƙofa: Rigimar Shiga Zauren Gwarzayen Hokin Ƙanƙara

A watan Yunin 2025 aka sanar da cewa Alexander Mogilny ya samu gurbi a zauren gwarzayen wasan hokin ƙanƙara da ke birnin Toronto na ƙasar Kanada. Rabon mutumin nan da wasa a gasar NHL tun kakar 2005 zuwa 2006, kuma tun 2009 ya cika sharaɗin shiga. A shekara 16 ɗin da ya shafe yana dakon a buɗe masa ƙofa, bai ƙara ko ƙwallo ɗaya a kan 473 da ya bari ba, bai kuma ɗauko wani sabon kofi ba. Mogilnyn da aka yi ta tsallakewa shi ne dai wanda aka karrama. To me ya sauya? Waɗanda suka san amsar su 18 ne, kuma doka ta ɗaure musu baki.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ana yin sa ne a kan daskararriyar ƙanƙara, mutum shida-shida har da mai tsaron raga. Kowa na sanye da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki, ana kora wani ɗan baƙin faifan roba mai tauri zuwa raga. Don sauƙin magana za mu riƙa kiran cin da ake yi ƙwallo. Ɗan wasa na samun maki ɗaya idan ya ci, maki ɗaya idan ya taimaka aka ci. NHL ce babbar gasar wasan a duniya, mai ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada, kuma kowa Kofin Stanley yake hari. Sai dai kofi na ƙungiya ne. Abin da mutum ke samu da sunansa shi kaɗai bayan ya jingine takalmi, wanda babu na sama da shi, shi ne a rubuta shi a zauren da ake kira Hockey Hall of Fame.

An kafa zauren a 1943, rukunin farko ya shiga a 1945, kuma tun 1993 yana cikin wani tsohon ginin banki a tsakiyar Toronto. Ƙa'idar shiga a takarda ba ta da wuyar ganewa. Sai ɗan wasa ya yi shekara uku da ritaya. Kwamitin mutum 18, da suka haɗa da tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa da shugabannin ƙungiyoyi da 'yan jarida, na zama a watan Yuni. Duk wanda zai wuce sai ya samu kashi 75 cikin 100, wato ƙuri'a 14. A shekara ba a ɗaukar fiye da 'yan wasa maza huɗu da mata biyu, sai gurbi biyu na waɗanda suka gina wasan daga wajen fili, irin su koci-koci da masu ƙungiyoyi, wanda alƙalin wasa kan iya ɗaukar ɗaya daga ciki. A da akan ɗage wa manyan zakaru jiran shekara ukun. Mutum goma aka yi wa haka, cikinsu har da Gordie Howe da Bobby Orr da Mario Lemieux, kuma daga kan Wayne Gretzky a 1999 aka rufe wannan ƙofa.

Inda gizo ke saƙar shi ne sirri. Ba a faɗin sunayen da aka gabatar, ba a faɗin ƙuri'ar da kowa ya samu, ba a faɗin dalili. A zauren gwarzayen wasan besbol na Amurka, 'yan jarida ɗaruruwa ne ke zaɓe, kuma ana buga yawan ƙuri'ar kowane ɗan takara, har ka ga mutum na hawa a hankali shekara bayan shekara. A hoki kuwa, wanda bai ji ƙarar wayarsa ranar zaɓe ba, bai san ko ƙuri'a ɗaya ce ta kayar da shi ba, ko kuwa ko sunansa ba a ambata ba. Ko masu zaɓen sarki, bayan sun tashi akan ji ƙishin-ƙishin ɗin wanda ya zo na biyu. Lissafin ma kansa ya isa ya nuna inda matsalar take: mutum biyar cikin 18 sun isa su tare wa ɗan wasa hanya, kuma ba wanda zai tambaye su hujja.

Mu koma kan Mogilny, don shari'arsa ce ta fi tona asirin tsarin. A 1989, yana ɗan shekara 20, bayan Tarayyar Sobiyet ta ci gasar duniya a Stockholm, ya sulale daga tawagar ƙasarsa ya tafi ƙungiyar Buffalo Sabres. Ƙungiyar sojoji yake bugawa a Mosko, don haka a gida kallon sojan da ya gudu daga bakin aiki aka yi masa. A kakar 1992 zuwa 1993 ya ci ƙwallo 76 a wasa 77. Ya ci zinaren Olamfik a 1988, ya ɗauki Kofin Stanley da New Jersey a 2000, ya gama da maki 1,032 a wasa 990. Yanzu a ajiye shi kusa da Paul Kariya ɗan Kanada, wanda ya samu maki 989 a wasa 989, ƙwallo 402, babu Kofin Stanley, amma ya shiga tun 2017. Abokan tasowar Mogilny a tawagar matasan Sobiyet, Pavel Bure da Sergei Fedorov, sun shiga a 2012 da 2015. Duk ma'aunin da aka ɗauko, Mogilny ya cika shi. Masoyansa sun yi ta zargin cewa rashin son shiga jama'a da 'yan jarida ne ya jawo masa, amma wannan zato ne kawai, tunda kwamitin bai taɓa cewa uffan ba.

Ban da maganar sirri, akwai saɓani na gaskiya a kan abin da ake nufi da gwarzo, kuma mafi tsufa shi ne tsakanin wanda ya haska ƙwarai na ɗan lokaci da wanda ya daɗe yana aiki mai kyau. Cam Neely na Boston ƙwallo 395 kawai ya ci, a wasa 726, ciwon gwiwa da na ƙugu suka kore shi yana ɗan shekara 31. Amma a kakar 1993 zuwa 1994, da ƙafar da ba ta barinsa ya buga kowane wasa, ya kai ƙwallo 50 a wasansa na 44. Ya shiga a 2005. Bure ya ci 437 a wasa 702 kafin gwiwarsa ta gaza. Eric Lindros, wanda yawan buguwa a kai ya taƙaita wasansa, shi ne gwarzon NHL na 1995, kuma sai 2016 aka ɗauke shi. A ɗaya gefen akwai Mike Gartner, mai ƙwallo 708, wanda ya jera kaka 15 yana cin aƙalla 30, amma bai taɓa cin wata babbar kyauta ta ƙashin kansa ba, bai kuma taɓa buga wasan ƙarshe na kofi ba. Rashin sa'arsa har ta kai New York Rangers ta sayar da shi a watan Maris na 1994, watanni kaɗan kafin ta ɗauki kofin. Ya shiga a 2001.

Wanda wannan muhawara ta faɗo wa yanzu shi ne Patrick Marleau. Ya buga wasa 1,779, ya karya tarihin Howe na 1,767 a 2021, ya ci ƙwallo 566, yana da zinaren Olamfik biyu. Amma ka tambayi wanda ya kalle shi shekara 20: akwai kakar da aka taɓa cewa Marleau na cikin 'yan gaba biyar mafi hatsari a gasar? Da wuya ka samu mai cewa e. An tsallake shi a 2024 da 2025. A nawa ganin, kwamitin bai yi kuskure ba a nan. Juriya abin yabo ce, kuma ba kowa ke iya shan karo a kan ƙanƙara har wasa 1,700 ba, amma zauren ba ofishin fansho ba ne da za a ce shekarun aiki ke kai mutum. Na fi son wanda ya yi kaka biyar abokan hamayya na kwana da tunaninsa a kan wanda ya yi kaka 20 ana cewa madalla.

Lambobin ma kansu sai an yi taka-tsantsan da su, don ba kowane zamani ne ƙwallo ke da arha ba. A kakar 1981 zuwa 1982 ana cin kusan ƙwallo takwas a kowane wasa, shekarar da Gretzky shi kaɗai ya zura 92. A kakar 2003 zuwa 2004 abin ya faɗo zuwa biyar da ɗoriya, kuma waɗanda suka fi kowa ci sun tsaya a 41. Saboda haka ƙwallo 500 na wanda ya yi ƙuruciyarsa a shekarun 1980 ba ɗaya ba ne da na wanda ya yi tasa a ƙarshen shekarun 1990. Da wannan hujja magoya bayan Keith Tkachuk mai 538 da Peter Bondra mai 503, waɗanda har zaɓen 2025 ba a ɗauke su ba, suka riƙa kafa tasu ƙarar.

Sai maganar kofi, wadda ita ce ta fi rikita kwamitin. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiya shida ce kacal a NHL, kuma Henri Richard na Montreal ya ɗauki kofin sau 11 a rayuwarsa ta wasa. Yau, cikin ƙungiya 32, gwani na iya gama rayuwarsa bai taɓa shi ba. Duk da haka kofi ya sha ɗaukar mutane zuwa cikin zauren. Clark Gillies maki 697 ya tara, amma yana cikin New York Islanders da ta jera kofi huɗu daga 1980 zuwa 1983, sai ya shiga a 2002. Dick Duff, mai ƙwallo 283 da kofi shida, ya shiga a 2006. Kevin Lowe, ɗan baya mai kofi shida, biyar daga ciki da Edmonton, ya shiga a 2020. Babu mai cewa waɗannan ba 'yan wasa ba ne na ƙwarai. Tambayar ita ce ko su suka ja ƙungiya, ko kuwa zama da maɗaukin kanwa ne.

Kuma kowane irin wannan zaɓe yana haifar da 'ya'ya. Da zarar an sa wane, sai a taso da maganar me zai hana wane. Idan Gillies ya shiga, ina laifin Rod Brind'Amour, mai maki 1,184, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofi da Carolina a 2006, wanda sau biyu aka zaɓe shi ɗan gaban da ya fi kowa iya tsaron baya? Idan shi ya shiga, gobe wani zai kawo wanda ya gaza shi da kaɗan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan hujja ta kwatanci da mafi rauni a cikin zaure ba ta da ƙarshe, kuma duk wanda ya yarda da ita, wata rana zai wayi gari da zauren da ya koma rajistar duk wanda ya taɓa burge garinsu. Brind'Amour na da hujjarsa ta kansa, kuma ta fi ƙarfi idan ba a jingina ta da Gillies ba.

Inda rashin daidaiton ya fi fitowa fili shi ne wajen masu tsaron raga. Daga 1994 zuwa 2022, maza bakwai kacal aka ɗauka a wannan matsayi: Grant Fuhr, Patrick Roy, Ed Belfour, Dominik Hasek, Rogie Vachon, Martin Brodeur da Roberto Luongo. Vachon ma tun 1982 ya yi ritaya, sai 2016 aka tuna da shi. Kwatsam a 2023 sai aka kwashi uku a tashi ɗaya: Henrik Lundqvist, Tom Barrasso da Mike Vernon. Lundqvist ba a yi gardama a kansa ba. Amma Vernon nasara 385 gare shi, Barrasso 369, ga Curtis Joseph mai 454 zaune a waje, ga Chris Osgood mai 401 da kofi uku shi ma a waje. Idan kofi ne ma'auni, Vernon da Barrasso biyu-biyu gare su, Osgood ya fi su. Idan ba kofi ba ne, tunda Lundqvist da Luongo ba su da ko ɗaya, to da wane dalili aka bar Joseph?

Za a ce Joseph bai taɓa cin kyautar Vezina ta gwarzon mai tsaron raga ba. Gaskiya ne. Amma a tuna da su wa ya yi zamani: Hasek shi kaɗai ya kwashe ta sau shida, ga Roy, ga Brodeur, ga Belfour. Joseph ya yi shekaru a St. Louis da Edmonton da Toronto yana tsaye bayan 'yan bayan da ba su kai ba, ana yi masa ruwan hari yana tarewa. Osgood kuwa a Detroit yake, gabansa Nicklas Lidstrom da Steve Yzerman, wato ya ci tuwon da aka riga aka tuƙa. Da ni ke da ƙuri'a, Joseph zan ba, in bar Osgood ya ƙara jira. Na san wani zai ce na juya lissafin, kuma aƙalla ni na faɗi dalilina.

Dokar zauren ba iya wasa kaɗai ta ambata ba, ta haɗa da hali da ɗabi'a. Wannan sharaɗi shi ne mafi santsi. Theoren Fleury, gajeren ɗan wasa mai zafin rai, ya ci ƙwallo 455 da maki 1,088 a wasa 1,084, yana da kofin 1989 da Calgary da zinaren Olamfik na 2002. Shaye-shaye ya kawo ƙarshen wasansa a NHL a 2003, kuma a 2009 ya fito ya bayyana cewa kocinsa ya ci zarafinsa tun yana yaro. Har zaɓen 2025 ba a ɗauke shi ba. Amma wannan zaure ne dai da ya karɓi Harold Ballard, mai ƙungiyar Toronto, a 1977, shekara biyar bayan kotu ta same shi da laifin zamba. Shi ne ya karɓi Alan Eagleson, shugaban ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasan NHL, a 1989, wanda sai da ya amsa laifin zamba a 1998, manyan gwarzaye suka yi barazanar ficewa idan aka bar shi, sannan ya ajiye gurbinsa a zauren. Dino Ciccarelli an taɓa yanke masa hukuncin kwana ɗaya a gidan yari a 1988 saboda dukan abokin hamayya da sanda, ya jira har 2010, sannan ƙwallonsa 608 suka shigar da shi. Sharaɗin hali yana nan, sai dai ba wanda ya san ranar da zai yi aiki da ranar da zai yi barci.

Akwai kuma waɗanda aka daɗe ba a ma ɗauke su a 'yan takara ba. Sai 2010 mata suka fara shiga, da Angela James da Cammi Granato. Bayan nan, duk da gurbi biyu da aka ware musu, sai 2024 aka sake cike su duka a shekara ɗaya, alhali Jennifer Botterill mai zinaren Olamfik uku na zaune har 2025. Willie O'Ree, baƙar fata na farko da ya buga NHL a watan Janairun 1958 da Boston, sai 2018 ya shiga, shi ma ta gurbin magina wasa. Fuhr ne baƙar fata na farko da ya shiga a matsayin ɗan wasa, a 2003. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya shiga a 2020 a karonsa na farko, da ƙwallo 625 da maki 1,300, ba tare da kofi ba, kuma babu wanda ya ɗaga gira. Shi ma wannan shaida ce cewa idan kwamitin ya ga dama, rashin kofi ba ya hana komai.

Shari'ar da ta fi kowacce taɓa zuciyar mutanen Kanada ita ce ta Paul Henderson. A watan Satumban 1972, a tsakiyar yaƙin cacar baka, Kanada da Tarayyar Sobiyet suka kara wasa takwas, huɗu a Kanada, huɗu a Mosko. Kanada ta tafi da tunanin za ta yi wa Sobiyet cin kaca, sai ta tsinci kanta da nasara ɗaya tal a wasa biyar na farko. Henderson ne ya ci ƙwallon nasara a wasa na shida, da na bakwai, da na takwas. Ta ƙarshen ta zo ranar 28 ga Satumba, saura daƙiƙa 34 a tashi, aka gama 6 da 5. Mai tsaron ragar Sobiyet da aka zura wa ƙwallon, Vladislav Tretiak, yana cikin zauren tun 1989. Cikin abokan wasansa a tawagar Sobiyet, Valeri Kharlamov ya shiga a 2005, Alexander Yakushev a 2018. Henderson kuwa yana waje.

Masu goyon bayansa na cewa sunan zauren na hoki ne gaba ɗaya, ba na NHL ba, kuma ba yadda za a ba da tarihin wasan a tsallake ƙwallon nan. Masu adawa na cewa a NHL ƙwallo 236 da maki 477 ya samu a wasa 707, ɗan wasa ne mai kyau amma ba gagarau ba, kuma su Tretiak ba don wasa takwas ɗin nan aka ɗauke su ba, shekaru suka yi suna mulkin duniya. Zauren gidan tarihi ne kuma, yana iya baje labarin ƙwallon a bango ba sai an naɗa mai ita ba. Na fi karkata ga masu adawar. Wata guda, komai girmansa, bai kai rayuwar wasa ba, kuma idan aka buɗe wannan ƙofa, kowace ƙasa na da nata mai ƙwallo ɗaya.

Amma idan amsar a'a ce, a faɗa wa mutumin. Kwamitin na da tarihin yin shiru har lokaci ya ƙure. A 2010 jama'a sun yi ta roƙon a ɗauki koci Pat Burns, wanda sau uku yana zama gwarzon koci da ƙungiyoyi uku daban-daban, yana kwance da ciwon daji. Ba a ɗauke shi ba, ya rasu a watan Nuwamban shekarar, sai 2014 aka kira iyalinsa. Herb Carnegie, baƙar fatan da ya yi tashe a shekarun 1940 amma bai samu buga NHL ba, ya rasu a 2012, aka karrama shi a 2022. An haifi Henderson a watan Janairun 1943, shekarar da aka kafa zauren kansa, kuma har zaɓen 2025 bai san ko an taɓa kaɗa masa ƙuri'a ɗaya a ɗakin nan ba.